Mai Gidan Haya

A Valparaíso, kan tudun da hawansa ke cin gwiwa,
inda gidaje ke dafe da juna kada su zame cikin teku,
nan maɗaba'ata take, ni Eulogio,
tawada a farce, tawada a gefen burodi.

Kwamfuta huɗu gare mu.
Uku Maite ta 'yanta su a daren wata Asabar,
ta zuba musu Linux, ta goge hannu a wando,
ta ce, Baba, an gama tambayar ka lambar lasisi.
Gaskiya ta faɗa.
Ba su tari, ba su nishi,
ba su tsai da ni da rana tsaka
wai sai sun sabunta kansu kafin in buga rasit.

Ta huɗun tana kusurwa, ƙarƙashin kalandar bara.
Mai Gidan Haya muke ce mata.
Wata na mutuwa take miƙo hannu.
Ran da na makara kwana biyu
sai ta rufe mini ƙofar aikina na shekara sha ɗaya,
ni da zanena, ni da gumina,
ina tsaye a waje ina sallama.

Kada ka tambaye ni me ya hana in jefa ta teku.
Ja ne ya hana.

Masunta suka hawo tudu da warin gishiri a riga,
suna son fosta ɗari uku ta bikin jiragensu,
ja irin na kwalekwalen marigayi Nibaldo,
ba wani ja ba.
Na zana a kan 'yantacciya, don girman kai.
A fuskar allo ga shi nan jawur,
inji ya tofo shi kamar hantar da ta kwana.
Har yau da takardun ake naɗe kifi a bakin ruwa,
kuma duk mai saye ya san shagon da suka fito.

Allo da haske yake magana,
takarda da tawada huɗu,
tafintan da ke tsakaninsu, namu na kyauta yana in'ina.

Ba ni kaɗai ba ne.
Ondina mai zanen gini da ke samanmu
ta ɗaura aure da 'yanci, ta yi shela,
amma duk fayil ɗin da injiniyoyi suka aiko
katangunsa na buɗewa a karkace,
sai ta sauko da dare, takalmi a hannu,
ta ce in ara mata kusurwa.

Na rubuta wa mai kula da manhajar kyautar,
da zafi na rubuta, kamar ina bin sa bashi.
Amsa ta zo daga Tampere, ƙarfe uku na darensu.
Sunansa Aulis. Motar asibiti yake tuƙawa.
Ya ce mu biyu ne a kan wannan sashe,
ɗayan ya yi shiru tun kaka,
ni kuma sai jaririyata ta yi barci.
Ya ce, yaya jan yake? Ban taɓa ganin kwalekwalen ba.

Na daɗe zaune.
Shekara sha ɗaya ina ciyar da wanda bai san sunana ba,
wanda ya ba ni kyauta shi na ɗaga wa murya.

Washegari na sauka bakin ruwa da wuƙa,
na kankaro ɓawon fenti kamar farce,
na haɗa da takardar hanta guda ɗaya,
da kuɗin hayar wata, na liƙe ambulan.

Ba a gyara ba tukuna.
Jiya ma na biya ta kusurwa, ta karɓa ba godiya.
Sai dai fitilar ɗakin Maite ta daina mutuwa da wuri,
ina jin yatsunta ta cikin katako,
tana tambayar Aulis abin da ban gane ba,
wani lokaci tana dariya,
wani lokaci tana zagin lissafi.